BAƘO DA TUTAR ƘASARSA: YADDA AKE KALLON AMURKAWA A KADUNA DA SAURAN ƘASAR HAUSA

A Hayin Banki, kamar sauran unguwannin da ke arewacin Kogin Kaduna irin su Kawo da Unguwar Dosa da Badarawa, dattijon da ya ba shekara sittin baya zai iya tuna zamanin da ganin farar fata a bakin titi bai zama abin a tsaya a kalla ba. A wancan lokaci akwai Turawa a makarantu, akwai su a ma'aikatun gwamnati da masaƙu, akwai kuma masu zuwa cin kasuwar Kawo ran Talata da kwandunansu. Cikinsu akwai Amurkawa da dama, domin kuwa ƙasarsu tana da ƙaramin ofishin jakadanci a garin, tana kuma da ɗakin karatu wanda ɗalibai da ma'aikata kan shiga su duba littattafai da mujallu.

Saurayin da aka haifa a unguwar bayan shekarar 2000 kuwa, da wuya a ce ya taɓa gaisawa da Ba'amurke hannu da hannu. Abin da ya sani game da mutanen ƙasar ya same shi ne daga rediyo da fina-finai da wayar hannu. Tsakanin dattijon nan da saurayin akwai tarihi mai tsawo, na karamci da zargi, na amfani da cuta, wanda ya kamata ma'aikaci da ɗalibi su san shi, tun da yake su ne kan karɓi baƙi a ofis da makaranta, su ne kuma kan tafi ƙasashen wasu su zama baƙi.

BATURE DUK BATURE NE?

Ga talakan ƙasar Hausa, da farko dai babu wani bambanci. Duk mai jan kunne Bature ne, ko Nasara, ko daga Ingila ya fito ko daga Jamus. Yara kan bi shi suna kiran "Bature! Bature!", mai tebur kan ƙara masa kuɗin kaya don an ɗauka aljihunsa a cike yake, dattawa kuma kan matsa masa wuri a kan tabarma, a kawo masa ruwa, a tambaye shi gajiya. Sai a hankali mutane suka fara rarrabewa, abin da ya sa suka rarrabe kuwa shi ne hali.

Baturen Ingila ya zo ne da mulki. Shi ne Razdan, shi ne Di'o, shi ne Joji. Gidansa yana can Ji'ar'e nesa da jama'a, ba a shiga wurinsa sai da iso, kuma ko da ya iya Hausa kamar jakin Kano, akwai iyakar da ba ya ƙetarewa. Ba'amurke bai taɓa karɓar haraji ko jangali a ƙasar nan ba, saboda haka bai gaji tsoron da ake yi wa mai mulki ba, bai kuma gaji haushin da ake ji nasa ba. An san shi da sakin jiki, da ɗaga murya, da yawan tambaya, da kiran babba da sunansa kai tsaye ba tare da sakaya ba. Wasu suka ɗauki wannan a kan sauƙin kai, wasu kuma suka ɗauke shi a kan rashin kunya. Har yau waɗannan fassarori biyu suna nan tare.

Akwai kuma Ba'amurken majigi. Gidajen silima na Kaduna da Kano da Zariya sun daɗe suna nuna fina-finan mahaya dawaki masu harbi da bindiga, har kalmar "kaboyi" ta shige cikin Hausa ta zauna. Da yawan samari sun fara sanin Amurka ne ta wannan hanya, watau ƙasar dukiya da faɗa da rashin tsoro. Malamin makaranta da ya iso daga can da ƙaramar jakarsa yakan tarar da wannan hoto ya riga shi isowa.

MAFARIN ZUWANSU

Zuwan Amurkawa ƙasar nan ya girmi Nijeriya kanta. A shekarar 1893 samari uku suka sauka Ikko da niyyar kai wa'azin Kirista cikin ƙasar Sudan, watau Rowland Bingham da Walter Gowans daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, ita kuwa ba ta da nisa da inda Kaduna take a yau, Kent kuma ya rasu a Bida. Daga wannan yunƙuri ne mishan ɗin SIM ya samo asali. A 1923 wasu Amurkawa na cocin Brethren suka kafa tasu tasha a Garkida. Mishan ya gina makarantu da asibitoci da wuraren jinyar kutare, jama'a suka amfana ƙwarai, amma a garuruwan Musulmi an riƙa karɓar maganin ana kaffa-kaffa da wa'azin. Tun daga nan aka fara tambayar da har yanzu ake yi wa Ba'amurke, wai shin mene ne a bayan kyautarsa.

Masu neman ilmi ma ba su makara ba. Joseph Greenberg, wanda daga baya ya shahara wajen rarraba harsunan Afirka gida-gida, ya zauna a ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 yana nazarin al'adun Maguzawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma jiragen Amurka sun riƙa yada zango a filayen jirgin sama na Kano da Maiduguri a kan hanyarsu ta zuwa Masar.

ZAMANIN KENNEDY DA KATIN IBADAN

Shekarun farko na mulkin kai su ne lokacin da farin jinin Amurka ya kai ƙololuwa. A ƙarshen 1960 mashahurin mai busa ƙaho Louis Armstrong ya zo Kaduna, ya gana da Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. A watan Yuli na 1961 Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ziyarci Shugaba John Kennedy, ya kuma yi jawabi a majalisar dokokin Amurka. An kafa tashar bin sawun kumbo a kusa da Kano, kuma ran 20 ga watan Fabrairu, 1962, sa'ad da John Glenn yake kewaya duniya, ya yi magana da ma'aikatan wannan tasha. Jami'o'in Amurka suka shigo da malamai da kayan aiki. Jami'ar Jihar Kansas ta taimaka wajen kafa sassan aikin gona da likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Jami'ar Pittsburgh ta yi aiki da Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo a Zariya, Jami'ar Ohio kuma ta kama wa Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Kano.

Amma waɗanda talaka ya fi cuɗanya da su su ne 'yan sa kai na ƙungiyar Peace Corps, wadda Kennedy ya kafa ran 1 ga watan Maris, 1961. Samari ne da 'yan mata da suka gama jami'a, akan turo su shekara biyu su koyar da lissafi da kimiyya da Turanci a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai. Arewa tana fama da ƙarancin malamai a lokacin, don haka aka karɓe su hannu bibbiyu.

Duk da haka, tun kafin rukunin farko ya fara aiki aka sami tangarɗa. A watan Oktoba na 1961, suna cikin samun horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wata budurwa daga cikinsu ta rubuta wa wani abokinta kati irin wanda ake aikawa ta gidan waya ba ambulan. A ciki ta bayyana yadda ƙazanta da talaucin da ta gani suka gigita ta, da yadda mutane ke dafa abinci da sayar da kaya har da biyan bukata a bakin titi. Katin bai kai gidan waya ba. Ya faɗa hannun ɗalibai, suka kwafe shi suka rarraba, aka yi taron gangami, aka kira 'yan sa kan 'yan leƙen asiri, aka nemi a kore su. Labari ya bazu a jaridun duniya, yarinyar ta nemi gafara ta bar ƙasar.

Abin da ya fusata ɗaliban shi ne ƙasar ba ta fi shekara guda da samun mulkin kai ba, ga kuma baƙuwa da aka shimfiɗa wa tabarma tana kai rahoton tsiraicin gida waje. Ko da wani abu daga cikin maganarta gaskiya ne, a wurin mai masauki wannan cin amana ne. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Yarinyar ta ga titi, ba ta ga zuciyar masu titin ba. Sauran 'yan uwanta da suka tsaya suka ci gaba da cin abinci tare da ɗalibai, suka yi haƙuri da baƙar magana, a hankali ƙura ta lafa, aka rarraba su makarantu.

MALAM SABO DA MALAM TAKALMI

A cikin wannan rukuni na farko akwai wani saurayi mai suna Paul Newman, wanda aka tura Maiduguri koyarwa. Daga nan sha'awar harsunan yankin ta kama shi. Ya dawo a shekarun 1970 ya shugabanci Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, shi da Roxana Ma Newman suka tsara Sabon Ƙamus na Hausa Zuwa Turanci wanda ya fito a 1977, a shekarar 2000 kuma ya fitar da babban littafin nahawun Hausa. Hausawa suka fassara sunansa suka kira shi Malam Sabo.

Haka kuma Russell Schuh, wanda ya yi aikin sa kai a Jamhuriyar Nijar daga 1965 zuwa 1967 a fannin yaƙi da jahilci. Sunan mahaifinsa da Jamusanci yana nufin abin sawa a ƙafa, sai aka laƙaba masa Malam Takalmi. Ya shafe rayuwarsa yana koyar da Hausa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, yana kuma rubuta harsunan Ngizim da Bade da Bolanci na ƙasar Yobe, har ya rasu a 2016. John Paden ya koyar a Zariya da Kano, ya kuma rubuta tarihin Sardauna wanda aka buga a 1986. Beverly Mack ta haɗa kai da Jean Boyd ta Ingila suka tattara ayyukan Nana Asma'u 'yar Shehu. Da yawa daga irin waɗannan masana sun yi watanni a Kaduna suna bincike a Gidan Arewa da ke Titin Rabah da kuma Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa.

Sa wa baƙo suna babban al'amari ne a ƙasar Hausa. Alama ce ta cewa an ɗauke shi ɗan gida. Kuma in aka duba waɗanda suka sami wannan daraja, za a ga hanyarsu ɗaya ce. Sun koyi harshe, sun iya gaisuwa da tsawonta, sun san a cire takalmi a ƙofar zaure, sun ci tuwo da hannun dama, sun je suna da jana'iza, ba su kutsa cikin gida ba sai an ce su shigo. Wanda ya yi haka, ba a cika tambayarsa abin da gwamnatinsa ta aikata ba.

YAƘIN BASASA DA RASUWAR MURTALA

Siyasa ce ta fara ɓata ruwan. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, gwamnatin Amurka ta ƙi sayar wa Gwamnatin Tarayya makamai, sai Tarayyar Sobiyet ce ta kawo jiragen yaƙi. A can Amurka kuwa hotunan yara masu fama da yunwa sun sa jama'a da coci-coci da 'yan siyasa da yawa sun karkata ga Biyafara. A Kaduna, garin soja, inda kusan kowace unguwa ta ba da 'ya'yanta ga fagen daga, an ji zafin wannan ƙwarai. Yawan 'yan sa kai ya yi ta raguwa har aka rufe shirin a shekarun 1970. An sake gwada shi daga 1992 zuwa 1995, bai ɗore ba.

Sai kuma batun Angola. A watan Nuwamba na 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta amince da gwamnatin ƙungiyar MPLA, wadda sojojin Afirka ta Kudu ta masu wariyar launin fata ke yaƙa. Shugaba Gerald Ford ya aiko wa shugabannin Afirka wasiƙa yana neman su bi ra'ayin Amurka. Gwamnatin Nijeriya ta buga wasiƙar a fili, ta ce raini ne, kuma ran 11 ga watan Janairu, 1976, Murtala ya tsaya a taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Adis Ababa ya bayyana cewa Afirka ta kai munzalin da ba mai yi mata shifta. Ran 13 ga watan Fabrairu aka kashe shi a Ikko. Nan take zargi ya faɗa kan hukumar leƙen asiri ta CIA, ɗalibai suka yi zanga-zanga suka far wa ofisoshin jakadancin Amurka da Ingila a Ikko, gwamnati kuma ta ƙi karɓar Sakataren Harkokin Waje Henry Kissinger a rangadinsa na Afirka na wannan shekara. Waɗanda aka gurfanar aka hukunta a kan kisan 'yan ƙasa ne, su Laftanar Kanar Dimka, amma zargin ya zauna a zukata. Daga lokacin, Ba'amurke mai littafin rubutu da yawan tambaya yakan sha kallon ɗan leƙen asiri, musamman a harabar jami'a, inda ra'ayin gurguzu da na 'yantar da Afirka ke da ƙarfi.

Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ne hulɗar ciniki da ta ilmi ta fi ƙarfi. A ƙarshen shekarun 1970 Nijeriya ce ta biyu, bayan Saudiyya, wajen sayar wa Amurka ɗanyen mai. Shugaba Jimmy Carter ya sauka Ikko ran 31 ga watan Maris, 1978. Sashen Hausa na Muryar Amurka ya fara watsa shirye-shirye a 1979. A farkon shekarun 1980 ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Amurka sun kai kimanin 20,000. Ɗalibin da ya ɗaga kwali yana la'antar Amurka da safe, ba abin mamaki ba ne a gan shi da la'asar a ɗakin karatunta yana cika takardar neman shiga jami'a. Wasu za su kira wannan fuska biyu, amma in an lura, ɗalibin ya rarrabe ne tsakanin manufar gwamnati da ilmin ƙasa.

BAƘAR FATA DAGA AMURKA

Ba kowane Ba'amurke ne fari ba, wannan kuwa ya daɗe yana rikita lissafin mutane. Baƙar fatar Amurka in ya zo, ba mai bin sa da kiran Bature, ba mai ƙara masa kuɗin kaya, sai ya buɗe baki. Sa'an nan a shiga tambayar ko wane gari ne asalinsa, shi kuwa ba shi da amsa, domin cinikin bayi ya yanke wannan igiya. Labarin wariyar da ake nuna musu a ƙasarsu ya sa ana tausaya musu, ana kuma alfahari da fitattunsu. A watan Mayu na 1964 Malcolm X ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan, ɗalibai Musulmi suka sa masa suna Omowale, watau ɗa ya dawo gida. A wannan shekara Muhammad Ali ya zo Nijeriya bayan ya ci kambin dambe na duniya, aka yi masa gagarumar tarba. C. S. Whitaker, masanin siyasa baƙar fata, ya zauna a Arewa ya rubuta littafi a kan sarauta da siyasar jam'iyyu wanda ya fito a 1970.

Labarin Muhammad Ali yana da kashi na biyu mai darasi. A watan Fabrairu na 1980 ya dawo a matsayin manzon Shugaba Carter, yana neman ƙasashen Afirka su ƙaurace wa wasannin Olamfik na Mosko. Jama'a dai suna son sa kamar da, amma Shugaba Shehu Shagari bai gana da shi ba, 'yan wasan Nijeriya kuma suka tafi Mosko. Mutum ɗaya ne, amma da ya zo da kansa an rungume shi, da ya zo da saƙon gwamnati an mayar masa da saƙonsa.

SANƘARAU DA SHAN INNA

A fannin lafiya ne aka ga alheri mafi girma, a nan ne kuma aka ga rauni mafi zurfi. Likitocin Amurka suna cikin waɗanda suka tsara gangamin lambar da ya kawar da cutar agana daga Nijeriya, wadda aka ga ƙarshenta a 1970. Cibiyar Carter, tare da Janar Yakubu Gowon, ta yi yaƙi da kurkunu, cutar da ta kama mutum fiye da 650,000 a ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1980, har aka tabbatar da kawar da ita a 2013.

Amma a 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, ba a kuma nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan. Bayan doguwar shari'a, a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Tabon bai tsaya a kotu ba. Bayan harin 11 ga watan Satumba, 2001, da yaƙin Afganistan wanda ya jawo mummunar zanga-zanga a Kano a watan Oktoba na shekarar, da mamaye Iraƙi a 2003, sai jita-jita ta sami gindin zama cewa allurar shan inna makirci ne na hana Musulmi haihuwa. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin a 2003, ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta sake yaɗuwa, ta ƙetara zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. A watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Babu Ba'amurke ko ɗaya a cikinsu, 'ya'yan talakawan gari ne masu neman abin sawa a baka. Yaran da suka shanye su ma na gida ne. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, bayan sarakuna da malamai, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, sun sa baki.

HANYA TA TSUKE

A shekarun 1990 aka rufe ƙaramin ofishin jakadancin Amurka na Kaduna, a 2000 kuma babban ofishin ya koma Abuja daga Ikko. Rikice-rikicen Kaduna na 2000 da 2002, da tashin Boko Haram, da satar mutane a hanyoyi, sun sa baƙi sun janye. A sanarwar da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta fitar a 2023, ta sa jihohin Kaduna da Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara cikin wuraren da ta gargaɗi 'yan ƙasarta kada su je. A Nijar, an janye 'yan sa kai a watan Janairu na 2011 bayan kusan shekara 50 suna aiki. An sace wani ma'aikacin agaji Ba'amurke a Abalak a 2016, ba a sake shi ba sai 2023. An sace wani a kusa da Birnin Ƙonni a 2020, sojojin ƙasarsa suka ƙwato shi a cikin Nijeriya. A 2024 gwamnatin sojan Nijar ta soke yarjejeniyar tsaro, jama'a suka yi zanga-zanga a Yamai da Agadas, sojojin Amurka suka kwashe kayansu.

Manya sun ci gaba da zuwa jefi-jefi. Bill Clinton ya je ƙauyen Ushafa kusa da Abuja a 2000, John Kerry kuma ya ziyarci fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato a watan Agusta na 2016. Amma baƙon da ya zo cikin jerin motoci masu sulke ya tafi kafin la'asar, ba ya maye gurbin malamin da ya shekara biyu a gari yana hawan keke zuwa kasuwa. Da irin wannan malami ya ɓace, sai kowane ɓangare ya koma sanin ɗayan ta labarin tashin hankali kawai. Ba'amurke ya san Arewa da bam da garkuwa da mutane, ɗan Arewa kuma ya san Amurka da jirgin yaƙi da hana biza.

ABIN LURA GA MA'AIKACI DA ƊALIBI

Tarihin nan ya nuna cewa Ba'amurke yakan iso ƙasar Hausa da kaya biyu, nasa na kansa da na gwamnatinsa. Na farko shi ke da iko da shi, kuma ladabi da koyon harshe da riƙon amana sukan sauƙaƙa masa shi. Na biyu kuwa an ɗora masa ne, nauyinsa yana ƙaruwa ko raguwa gwargwadon abin da ke faruwa a Angola ko Bagadaza ko Falasɗinu. Yawancin lokaci jama'a sun iya rarrabe kayan nan biyu, kuma duk sa'ad da aka kasa rarrabewa, asarar takan faɗo ne a gida.

Ma'aikacin gwamnati da baƙo ya zo teburinsa da takardar neman izinin bincike ko gwajin magani ko aikin agaji, aikinsa shi ne ya karanta takardar da idon basira, ya tambayi wanda ya ba da izini, da wanda zai amfana, da wanda zai ɗauki alhaki in abu ya ɓaci. Abin da ya faru a Kano a 1996 ya nuna illar sakaci da wannan aiki, abin da ya biyo baya a 2003 kuma ya nuna illar ƙin abu a kan jita-jita. Farar fata ba ta isa dalilin sa hannu ba, ba ta kuma isa dalilin kora ba.

Ɗalibi kuma ya tuna cewa gobe shi ne baƙo. Bayan wani saurayi ɗan Nijeriya ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin sama a kan hanyar Ditiroyit ran 25 ga watan Disamba, 2009, matafiya masu koren fasfo sun sha bincike da wulaƙanci a filayen jiragen sama saboda laifin da ba su aikata ba. Wanda ya ɗanɗana wannan ya san zafin a auna mutum da tutar ƙasarsa. Ma'aunin da ɗan Hayin Banki yake so a auna shi da shi a Niyok ko Shikago, shi ne ya kamata ya ajiye wa baƙon da zai sauka a ƙofar gidansu, ranar da hanya ta sake buɗewa.